Rufin Gidan Da-Saura

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko ni sai na yi jim kafin in tuna sunansa na gaskiya. Da-Saura kowa ke kiransa, daga gidan hayar da ya zauna har maɗaba'ar da ya yi aiki. Man goge baki ne ya jawo masa sunan. Wata safiya matarsa, wadda muke kira Anti, ta jefa robar man da ya ƙare a kwandon shara. Ya fito da buroshi a hannu, ya tsugunna ya tono ta, ya sa reza ya farke cikinta, ya ɗaga sama yadda duk masu layin famfo za su gani, ya ce, "Da saura!" Tsakar gida ta ɗauka da dariya. Bai ji haushi ba. Ya ce kowa ya yi dariyarsa, shi dai ya samu na 'yan kwanaki.

Haka yake da komai. In sabulu ya siɗe ya zama kamar farce, sai ya manna shi a bayan sabo. Ganyen shayi sai ya sha ruwa biyu kafin a zubar. Silifas ɗinsa sun sha ƙusa da waya har ba a gane asalin launinsu. In yana tafiya kansa a ƙasa yake, ba don kunya ba, ƙusoshi yake tsinta, ya zo gida ya miƙe su da guduma ya zuba a gwangwanin madara. Ƙafa yake takawa zuwa aiki, da ɗan kwanon abincinsa a leda, ledar ma wankewa ake yi a shanya. In ka fita daga ɗaki ka bar fitila a kunne, ko barci yake yi sai ka ji muryarsa: "Wa ke karatu a ciki, aljanu?"

Maƙwabta sun ce hannun jarirai gare shi. Ni ba zan ce haka kai tsaye ba, don na ga abin da ba su gani ba. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, Yaya ne ya riƙe kuɗin makarantarsu, bai taɓa bari wani ya ji ba, ni ma bai taɓa yi mini gori ba. Bai ci bashin kowa ba har ya tsufa. Abin da ke damunsa ba rowa ba ce tsantsa. Tsoro ne, kuma na san inda ya samo shi.

Babanmu ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa, mutum mai sakin hannu. In ya samu, unguwa ta samu. Kullum gidanmu cike da baƙi, wasu ma bai san sunansu ba. Da kasuwa ta juya masa baya, haya ta taru, mai gida ya sa aka fitar mana da kaya bakin titi. Ni ina goye a bayan Mama, ban san komai ba. Yaya kuwa ya yi wayo, shi aka bari yana gadin kayan, Baba ya tafi neman inda za mu raɓa. Yaya ya wuni zaune a kan katifa, tukwane da tabarmi da fo ɗina duk a fili, mutane na wucewa suna kallo. Cikin masu wucewar har da waɗanda suka saba cin abinci a gidanmu. Ya taɓa gaya mini cewa an yi ruwa ranar, amma ruwan bai dame shi ba, idon mutane ne ya kasa mantawa. Tun daga nan ya ɗaura wa kansa abu ɗaya: sai ya mallaki rufin da ba mai cewa ya fita.

A maɗaba'a aikinsa yankan takarda. Na sha kai masa saƙo can. Dogon ɗaki ne mai warin tawada da kananzir, injinan bugu na ƙara ba a jin magana sai an ɗaga murya. Nasa injin yana can ƙurya, da wuƙa mai tsawon hannun mutum. Zai ɗauko tulin takarda, ya bubbuga gefenta da tafin hannu har ta daidaita, ya tura ƙarƙashin wuƙar, ya danne, ya ja ƙarfe, sai ka ji ƙwas, gefen ya fito sumul kamar an goge. Ɓarɓashin da ake zubarwa shi yake kwasowa, ya ɗinke da zare ya yi wa 'ya'yansa littattafan rubutu. Dogaye ne sirara, ba su yi kama da na kowa ba. Ɗansa na fari, wanda muke kira Injiniya saboda kwance rediyo, ya sha kuka a kan wannan, don 'yan ajinsu cewa suke yi da rasit yake zuwa makaranta. Ƙanwarsa Auta ita ba ruwanta, zane take yi a ciki.

Da tanadi ya yi kauri ya sayi fili a bayan gari, inda ko motar haya ba ta kai. Daga nan rayuwar gidansa ta koma ta bulo da siminti. Albashi na shigowa, a ware na abinci daidai cokali, saura ya tafi fili. Ranar hutu can yake wuni, yana cire ciyawa, yana yayyafa wa bulo ruwa, yana sa wa magini ido kada ya zubar da kwaɓi. Gidan da ya zana ba ƙarami ba ne. Ɗakinsa, ɗakin Anti, na Injiniya da iyalin da zai yi, na Auta in ta zo ganin gida, da na baƙi. Na ce, "Yaya, ka fara da ɗaki biyu mana ku shiga, a ci gaba a hankali."

Ya ce, "Ke ba ki san gini ba. Abin da za a yi sau ɗaya, a yi shi ya ƙare."

Anti mace ce mai fara'a, irin wadda in tana wanki duk tsakar gida sai ta san tana nan. Ta iya zama da shi. Ta koyi yadda ake miƙe miyar kwana ɗaya ta kai biyu, ta daina tambayar sabon zani, in ya yi mata faɗan gishiri ko ashana ta mayar da abin wasa. Ni da ita mun shaƙu, tana ce mini uwar miji ƙarama. Abu ɗaya kawai ta roƙe shi a tsawon zamansu. Tana da ƙanwa guda, Ƙarama, su biyu suka tashi marayu a hannun kakarsu, tabarma ɗaya suke kwana. Aure ya kai Ƙarama wani gari mai nisa, tafiyar yini da kwana. Anti tana so ta je ta ga ɗakinta, ta ga 'ya'yanta.

Duk shekara sai ta ɗauko maganar, duk shekara da amsarta. Bari a gama tushe. Bari gini ya kai linta, saman ƙofa da taga. Bana siminti ya tashi. Na taɓa zama a wurin lokacin da suka yi ta.

"Baban Injiniya," in ji ta, "kuɗin mota kawai. Ba sai na yi tsaraba ba, ta san halinmu."

"Ina za a je gidan mutane hannu rabbana? In za a yi, a yi ta mutunci. Ki bari baɗi, in an ɗora katako. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," ta ƙarasa masa, tana dariya. A lokacin tana iya dariya a kan abin.

Sai ga waya daga mijin Ƙarama, wai tana kwance a asibiti, jikin ya yi tsanani, tana ta kiran sunan yayarta. Tsakiyar wata ne. Yaya ya riga ya kai wa mai katako kafin alƙalami. Ya ce a jira ƙarshen wata, kwanaki kaɗan ne, in albashi ya fito da kansa zai raka Anti tasha. Akwai kuɗi a banki, duk mun sani, amma a wurinsa wannan ba kuɗi ba ne, kwanon rufi ne da ba a riga an sayo ba. Na je na same shi a wurin aiki, na ce in ba zai bayar ba ni zan nemo. Ya haɗe rai ya ce matarsa ba za ta yi tafiya da kuɗin aro ba yana raye, kuma ciwo ba mutuwa ba ne.

Wata bai ƙare ba Ƙarama ta cika.

Ranar da labari ya zo, bai jira an roƙe shi ba. Ya fita, ya dawo da kuɗi a ambulan, na zuwa da dawowa har da na guzuri, ya ajiye a gaban Anti. Ina zaune kusa da ita ina riƙe da hannunta. Ta dubi ambulan ɗin ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Ashe akwai," ta ce. "Na ganin mai rai ne babu. Na ganin kabari akwai."

Ya tsaya ya rasa inda zai sa hannuwansa, sannan ya fita tsakar gida ya kama gyaran wani bokiti da ba abin da ya same shi.

Ta je ta dawo. Ba ta yi rigima ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Tana dafa abinci, tana wanki, tana gaishe shi da safe. Amma muryar nan da ke cika tsakar gida ta ɗauke. In ya zo da labarin gini, ya ce yau an yi kaza, sai ta ce, "Madalla," ta ci gaba da abin da take yi. Shi kuwa ya ɗauka lokaci zai wanke. Ya ce mini, "In ta shiga ɗakinta na kanta, za ta huce." Ya ƙara ƙaimi a tanadi, kamar mai gudu ya biya wani abu.

A cikin wannan ƙaimin idonsa ya fara rauni. Tabarau ɗin da yake sawa a bakin titi ya saye shi wurin mai tire, ƙafa ɗaya ta karye ya ɗaure da zare. Auta, wadda lokacin ta zama budurwa, ta yi ta binsa.

"Baba, jiya ka zuba gishiri a shayi. Mu je likitan ido."

"Likita zai ce in sayi gilashin da ya kai buhun siminti nawa? Wannan yana gani."

"Shi yana gani, kai ne ba ka gani."

Ya yi dariya ya kore ta. Bai je ba.

Wata rana ana sauri a maɗaba'a, aiki ya taru, ya tura takarda ya ga kamar gefe ɗaya ya karkace. Ya sa hannun hagu ya gyara, ya zaci ya janye hannun, ya ja ƙarfen. Wuƙar ta tafi da yatsu biyu. Abokan aikinsa suka naɗe hannun da tsumman goge tawada suka kai shi asibiti. Da na isa yana kwance, fuskar nan ta yi fari, abin da ya fara tambayata shi ne ko wani ya ɗauko masa kwanon abincinsa.

Mai maɗaba'ar bai cuce shi ba. Ya biya asibiti, ya ba shi diyya da kuɗin sallama, don aikin ba zai yiwu kuma ba. Hannun bai gama warkewa ba Yaya ya sayo kwanon rufi, ya kira kafinta. Ya aiko aka kira ni in zo in gani. Na tarar da shi tsaye a tsakiyar fili, rana na dukan sabon rufi har ido ba ya iya kallo. Ya ɗaga hannun mai bandeji ya nuna sama.

"Kin ga yatsuna can," ya ce. "Ba su tafi a banza ba."

Yana jira in yi dariya. Na kasa.

Kafin su tare, gidan ya riga ya rasa rabin mutanen da aka gina dominsu. Injiniya ya gama karatu ya samu aiki a wani gari, ya yi aure can, yana aiko da kuɗi da gaisuwa amma ba ya zuwa. Na taɓa yi masa faɗa a waya, na ce zumunci a ƙafa yake. Ya ce, "Gwaggo, ina ganin girman Baba, shi ya yi mini komai. Amma ban taɓa kunna fitila a gabansa ban ji kamar na yi sata ba. Ba na so 'ya'yana su ji haka." Auta ma ta yi aure, mijinta ma'aikacin jinya ne, aka yi masa canjin wurin aiki suka tafi.

Suka shiga su biyu, da kayan da ba su cika ɗaki ɗaya ba. In ka yi sallama muryarka ce ke dawo maka. Anti ta share ɗakunan duka ranar farko, ta rufe su. Nata ɗakin, wanda ya yi shekaru yana yi mata kwatancensa, ta shimfiɗa katifa a ƙasa ta ajiye akwatinta a gefe, ba ta kafa ko ƙusa ɗaya a bango ba. Ba maƙwabta kusa, ba wanda za a ce wa ina kwana ta kan katanga. Anti ba ta cika shekara a gidan ba Auta ta haihu, namiji. Anti ta ce za ta je ta taya ta. Wannan karon bai ce a jira komai ba, ya ɗauki akwatin ya raka ta tasha. Sai da ya dawo ya lura ta tafi har da tsohon hoton su biyu da Ƙarama.

Wata ya wuce, wani ya bi. In ya tambaya a waya, sai ta ce jikin Auta bai yi ƙwari ba tukuna. Shi kuma ya tattare ya koma ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, wanda aka yi don ajiye kaya. Gado, kujera ɗaya, risho, bokiti. Mutumin da ya gina gida mai ɗakuna da yawa ya koma zama a wurin da bai kai ɗakin hayarsa na da ba. Nakan kai masa abinci in na samu sarari.

Wata rana na same shi ya yi wanka ya sa rigarsa ta fita. Ya ce in raka shi kasuwa, zai je ya dawo da matarsa, kuma ba zai je hannu rabbana ba. Muka shiga layin 'yan atamfa. Mai shago ya zazzage masa kaya, ya ce, "Baba, wane launi take so?"

Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ke kin sani?"

Na ce ban sani ba. Tun da na san ta, abin da ya samu take ɗaurawa.

Ya tsaya yana shafa zannuwan da ragowar yatsunsa. Mai shago ya zaci tsada ce ta hana shi, ya fara ragi. Yaya ya ce a'a, a ba shi guda uku, kala daban-daban, ko ɗaya zai dace. Ya biya yadda aka faɗa. A hanya ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, "Na san farashin ƙusa na kowace shekara tun da na fara gini."

Da ya dawo daga tafiyar shi kaɗai ya dawo. Bai so ba da labari ba, sai da na matsa. Ya ce sun karɓe shi da kyau. Gidan Auta ƙarami ne, na haya, ɗaki biyu, ga hayaniyar yara a waje. Ya tarar da Anti a tsakar gida da jariri a cinya, tana hira da matan gidan, tun daga ƙofa ya jiyo dariyarta. Ta yi ƙiba. Ta haɗa masa shayi, madara har ya yi fari. Fanka na ta juyawa a ɗakin da ba kowa, ya miƙa hannu zai kashe, sai ya tuna ba gidansa ba ne, ya mayar da hannun aljihu.

Da suka samu wuri su biyu ya ba ta zannuwan. Ta buɗe, ta yaba, ta yi godiya. Ya ce mata ya zo ne su koma.

"Baban Injiniya, ka yi ƙoƙari," ta ce. "Ka ce za ka gina, ka gina. Allah ya saka maka."

"To ki zo ki zauna a ciki mana. Domin ki aka yi."

"Domin kai aka yi. Ba laifi ba ne, na san abin da ka gani kana yaro. Ni dai ba gida na roƙe ka ba."

Ya ce mata ya san ya yi kuskure a kan Ƙarama, ta yafe masa. Ta ce ta yafe tuntuni, ba ta riƙe shi da komai. Ya ce in ta yafe me ya hana ta dawowa. Ta jijjiga yaron, sannan ta ce ya bari a yaye shi tukuna.

Yanzu ya sa 'yan haya a ɗakunan baya, kuɗi kaɗan yake karɓa, wani watan ma ba ya tambaya. Ya je likitan ido an yanka masa gilashi. Duk ƙarshen wata yakan hau mota ya je ya kwana biyu a gidan Auta, ya kai wa jikansa lemo da takalmi, ya zauna su yi hirar duniya da Anti kamar tsofaffin maƙwabta, ya dawo. Ba ta ce ba za ta dawo ba, shi ma bai sake tambaya ba. Yaron da za a yaye yanzu yana ɗaukar jaka ya tafi makaranta.

Kwanakin baya Yaya ya aiko in zo. Na tarar ya sa an yi wa ɗakin Anti fenti shuɗi, an sa gado da madubi da labule. Warin fenti bai gama fita ba, ya buɗe tagogi. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Ya kika gani?" ya ce. "Shuɗin bai yi duhu ba?"

Na ce bai yi ba, ya yi kyau.

Ya gyaɗa kai. Ya ce zai bar tagogin a buɗe zuwa gobe, ɗakin ya sha iska.